Ɓeraye Bakwai Sun Tashi

Zariya,
20 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Yayana Gide,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da ƙawata Suwaiba da abin da ke cikinta. Ya aikin gona? Allah ya sa gero ya yi albarka.

Tun da aka katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga ban ji muryar kowa a Ƙanƙara ba, abin ya ishe ni. Shi ya sa na koma irin ta da, na nemo biro da takarda. Malam Sanusi direba, mai jigila tsakanin Ƙanƙara da nan, ya ce zai riƙa kai mana yana kawowa.

Albishirinka! Shekara uku kana yi mini dariya wai na tafi jami'a kiwon ɓera. To ɓerayen sun fitar da ni kunya. Bari in yi maka bayani yadda za ka gane, don na san ka da gajen haƙuri.

Murar da nake bincike a kanta ba ta yoyon hanci ta kwana biyu ba ce. Mai zazzaɓi ce da ciwon gaɓoɓi, wadda ke sauka ƙirji, irin wadda tsofaffi ke kira marisuwa. Ƙwayar da ke kawo ta jikinta a lulluɓe yake da wasu ƙananan zaruruwa masu dangin sukari, haka ma bangon maƙogwaronmu da na huhunmu. Jikin mutum kuma yana da nasa masu gadi, wasu sinadarai da muke kira galektin, aikinsu kama irin wannan sukarin. Ka san yadda ƙarangiya ke manne wa ƙafar wando in ka ratsa gona? Haka ɗaya daga cikinsu ke manne wa ƙwayar murar, ya hana ta kutsawa cikin huhu. Shi na tace, na ɗiga wa ɓeraye goma masu mura a hanci. Akwai wasu goman da ban ba su ba, biyu ne suka rage a cikinsu. Waɗanda na ba, bakwai sun tashi suna cin abinci har da faɗa. Yaya, a gaban malamina na fashe da kuka.

Ragowar tana nan cikin firji, a 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Sau biyar nake leƙa ta a rana.

Ka gaya wa Suwaiba tun muna aji ɗaya ta yi mini alkawarin in ta haifi mace sunana za a sa, kuma ban manta ba. Ka gaishe da Inna, ta ci gaba da yi mini addu'a.

Ƙanwarka,
Halimatu Sa'adiya


Sabuwa,
27 ga Satumba, 2021

Dakta Auta,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya a Ƙanƙara, Inna ta ce Allah shi yi miki albarka, ta sa an karanta mata takardarki sau biyu duk da ba ta gane komai ba sai ɓera.

Ni kuwa majalisar bakin tasha na kai ta. Na ce musu ɗiyar gidanmu ta gano maganin mura, duk mai musu ya zo ya karanta. Malam Lawwali mai shayi shina cewa ai ɓera ba mutum ba ne, na ce mishi shi ma da bakin nan nashi ba a gama tabbatarwa ba. Wallahi ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Kin ga na rubuta Sabuwa a sama. Cikin Suwaiba ya shiga wata takwas, kuma haihuwar fari ce, shi ne na kawo ta gidansu goyon ciki. Mun biyo ta Sheme da addu'a a baki, Allah ya kawo mu lafiya. Sai muka tarar gidan kowa shina tari. Ranar Juma'a mura ta kama Suwaiba.

Auta, ban ji daɗin yadda na gan ta ba. Jikinta zafi kamar an sauke tukunya, kai na sara, ko'ina na ciwo, in ta yi tari sai ta riƙe ciki da hannu biyu. Hajiya, mahaifiyarta, na yi mata sirace da ganyen darbejiya, ana ba ta shayin citta da kanumfari. Batun asibitin Funtuwa kuwa, hanya ba tsaro, ga gargada, ga mai ciki. Kuma kin san zamanin, da ka je da tari sai a ce korona ce a killace ka.

To tunda Allah ya ba mu ke, me za mu je nema wani wuri? Ki ɗauko 'yar kwalbar nan ki sa a fulas da ƙanƙara, ki ba Malam Sanusi, zan tare shi a tashar Funtuwa ranar Juma'a. Ki rubuto ɗigo nawa ne. Ɓera ya sha ya tashi, matar yayanki ce ba za ta sha ba? Na riga na gaya wa Hajiya shina hanya, ita ma Suwaibar da ta ji har murmushi ta yi.

Ina nan Sabuwa sai ta miƙe. Allah shi ƙara basira.

Yayanki,
Gide


Zariya,
29 ga Satumba, 2021

Yaya Gide,

Assalamu alaikum. Na samu takardarka, Allah ya ba Suwaiba lafiya, ya raba su lafiya.

Yaya, ba zan aiko da maganin ba. Ka yi haƙuri, amma ba zan aiko ba, kuma bai kamata ka yi wa mutane alkawarinsa ba tun ba ka tambaye ni ba. Abin da ke cikin kwalbar nan ba magani ba ne tukuna. Ba a taɓa ɗiga wa ɗan Adam ko ɗaya ba. Ban san adadin da ya dace da mutum ba, ban san abin da zai yi wa jinjirin da ke ciki ba, babu wanda ya sani a duniya. Na ce maka bakwai sun tashi, amma ka manta uku sun mutu, kuma har yau ban tabbatar ko murar ce ta kashe su ko abin da na ba su ba. Kafin irin wannan ya isa hannun majinyaci sai an yi shekaru ana gwaji, hukuma ta duba ta amince. In na fitar da shi daga ɗakin bincike na ci amanar malamina, na rusa aikin shekara uku, kuma in wani abu ya same ta ta dalilina, ina zan sa kaina? Kullum haka kake, sai ka yanke magana sannan ka sanar da mutum. Raina ya ɓaci da ka kai takardata majalisa.

Takardar ta cika, na juya bayanta. Abin da zan faɗa yanzu shi ne mafi muhimmanci.

Ka kai ta asibiti. Mura ga mai tsohon ciki ba abin wasa ba ce, kuma akwai maganinta da aka riga aka tantance, likita ne ke bayarwa. In hanya ta gagara yau, to ga abin da za ka sa wa ido. Ƙwayar murar nan tana aske sukarin da ke rufe bangon huhu, ta bar shi a buɗe. Cikin masu gadin da na gaya maka akwai wani, ɗan'uwan wanda na tace ne amma halinsu ya bambanta. Shi in ya tarar da wurin a buɗe, sai ya zama danƙon da wasu ƙwayoyin cuta na daban ke mannewa da shi. Daga nan limoniya ke shiga, huhu ya cika da ruwa. Abin tsoron shi ne sai mutum ya fara jin sauƙi sannan take zuwa.

Don haka in zazzaɓin ya sauka kwana biyu ko uku sannan ya dawo, ko numfashi ya yi sauri, ko ta ce haƙarƙari na sukarta, kada ka jira gobe, kada ka ce ragowar mura ce. Ranar za ka ɗauke ta. Allurar asibiti tana maganin wannan in an je da wuri.

Don Allah ka karanta wa Hajiya wannan ɓangaren. Ka ce wa Suwaiba tana raina.

Ƙanwarka,
Sa'adiya


Sabuwa,
4 ga Oktoba, 2021

Sa'adiya,

Salam. Na je Funtuwa na tsaya a rana tun hantsi har azahar, Malam Sanusi ya miƙo mini takarda ba fulas. Na ga saƙonki. Ba za ki aiko ba, na ji. Kin tsare amanar malaminki da aikinki na shekara uku, madalla. Ni da na riƙa kai ki makaranta a bayan keke, yau ni ake koya wa yadda ake magana.

To ki kwantar da hankalinki, ba mu buƙata. Allah ya dube mu, tun shekaranjiya zazzaɓin ya sauka. Siracen Hajiya ya yi abin da kwalbarki ba ta yi ba. Ki bar wa ɓerayenki, Allah shi ba su tsawon rai.

Ga 'yar takarda nan ƙawarki ta matsa sai na haɗa da tawa.

Gide

Ƙawata kuma ƙanwar mijina,

Ina gaisuwa. Kin ganni nan na tashi, jiya har tuwon masara na ci da miyar kuka, na ƙara. Ashe mura na iya kwantar da mutum haka! Na ɗauka ƙasusuwana aka kwance ɗaya bayan ɗaya.

Yayanki sai cika yake yana batsewa, ya ƙi nuna mini abin da kika rubuto. Ya ce wai maganin sai an ƙara haɗa shi, yana hanya. Na ce ko bai zo ba ai na warke, a ajiye wa na gaba. Mutuniyar taki sai shuri take yi, na tabbata mace ce, don rigimarta irin taki ce. Ki shirya, takwararki na tafe. Ki taho mini da turaren nan na Zariya da kika taɓa kawowa, ba na son a zo suna ɗakina na warin darbejiya.

Taki har kullum,
Suwaibatu


Zariya,
10 ga Oktoba, 2021

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarku sai yau ta iso, motar Malam Sanusi ta lalace a mararrabar Faskari ta yi kwanaki a can. 

Ka zage ni yadda kake so, na yarda. Amma ba ka ce komai ba kan abin da na rubuta a bayan takardar. Ka karanta bayanta? Yaya, don girman Allah, ka karanta bayanta? Sauƙin nan da take ji shi nake tsoro. In zazzaɓin ya dawo, ka ɗauke ta nan take.

Na nemi izini, jibi Talata zan shigo mota zuwa Funtuwa, daga nan in nemi ta Sabuwa.

Sa'adiya


Funtuwa,
11 ga Oktoba, 2021

Sa'adiya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Suwaiba rasuwa yau Litinin da hantsi a asibiti nan Funtuwa. Jiya ta haihu, mace, tana raye. Yanzu za mu wuce da ita Sabuwa, bayan la'asar za a kai ta. Na ba wani direba wannan, ban san ko za ta same ki ba.

Gide


Ƙanƙara,
25 ga Oktoba, 2021

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma lafiya. Ya haƙurinmu? Allah shi jiƙan Suwaiba, shi sa ta huta.

Kwana bakwai kika yi a Sabuwa wajen zaman makoki ban ɗaga ido na dube ki ba. Kin gaishe ni na amsa wa ƙasa. Na san kin ɗauka fushi ne. Ba fushi ba ne, tsoro ne, kuma yau zan gaya miki, don abin shina cin raina.

Takardarki ta ƙarshe ranar sadakar uku Malam Sanusi ya ba ni. Na buɗe na ga kina tambaya ko na karanta bayan waccan. Auta, ban karanta ba. A tashar Funtuwa na karanta gabanta, na kai inda kika ce ranki ya ɓaci, jinina ya hau, na ninke ta na cusa a aljihun shuɗiyar rigata. Ban ma san kin yi rubutu a baya ba. Da na gane akwai, kwana goma na yi ina wuce rigar a rataye, na kasa sa hannu a aljihun. Jiya na ɗauko na tafi bayan rumbu na karanta.

Kamar kina tsaye a ɗakin kika rubuta. Ranar Laraba bayan la'asar zazzaɓin ya dawo da rawar ɗari. Ta ce haƙarƙarinta na dama na sukarta. Kin san me na ce? Na ce ragowar mura ce take fita. Kalmomin da kika ce kada in faɗa, su na faɗa, da rigar a jikina da takardar a aljihu. Ranar Alhamis Hajiya da kanta ta ce ko za a gwada Funtuwa, na ce a bari ta ƙara kwana biyu, hanya ba kyau. Hanya ba kyau gaskiya ne, amma ba ita ce ta riƙe ni ba. Na riga na rubuto miki cewa ta warke ba mu buƙatarki, raina bai so a ce ciwon ya dawo.

Sai ranar Asabar, da na ga leɓenta ya yi duhu tana jan numfashi da ƙyar, na roƙi mai motar masara ya ɗauke mu. Likitan ya sa abin awo a bayanta ya daɗe shina saurare, sannan ya tambaye ni yaushe zazzaɓin ya dawo. Na ce Laraba. Ya ajiye biro ya dube ni, ya ce limoniya ce ta cika huhun duka biyu. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sun yi iya yinsu wallahi, allura, ƙarin ruwa, iskar numfashi, ba abin da ba su sa ba. Naƙuda ta taso Lahadi, ta haihu, ta ga ɗiyarta sau ɗaya.

An sa wa yarinyar sunan uwarta, kin ji da kunnenki. Na san alkawarin da ke tsakaninku, ki yi haƙuri, Hajiya ce ta roƙa ban iya hana ta ba. Tana wajenta a Sabuwa.

Kullum ina ƙirga kwana ukun nan, Laraba, Alhamis, Juma'a. Na san kwana ya ƙare ne, na yi imani da haka. Amma ni na riƙe ta a gida, kuma ina kewarta har ban san inda zan sa raina ba. Gero na gona a yashe, ban iya zuwa ba.

Yayanki,
Gide


Zariya,
29 ga Oktoba, 2021

Yayana,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba mu haƙuri, ya gafarta wa Suwaiba, ya raya abin da ta bari.

Ka ɗauki laifin duka ka ɗora wa kanka, ba zan bar maka shi kai kaɗai ba. Wa ya fi ni sanin halinka? Tun muna yara in aka fara maka magana da "a'a" ba ka jin sauran. Na sani, amma na cika shafi guda ina kare kaina da aikina da malamina, sannan na tura ran Suwaiba bayan takarda. Layi uku kawai ake buƙata a sama. Kuma ni na fara, ni na rubuto maka labarin ɓeraye ina rawar jiki don a yaba mini, na sa ka zauna jiran kwalba ranar da ya kamata ku kama hanya. Har yanzu na san da na aiko da ita da na yi kuskure, amma sanin bai rage mini komai ba. Na shiga ɗakin bincike sau ɗaya tun da na dawo, na kasa buɗe firjin. Ka yafe mini.

Akwai abin da nake son tambaya, na kasa a Sabuwa. Ta rubuto mini cewa ka ce maganin na hanya. Daga baya ta gane na hana? Ta tafi tana ganin na ƙi ta? Kada ka tausaya mini, ka gaya mini yadda aka yi. Turarenta na cikin jakata, na kai shi Sabuwa na dawo da shi.

Ka gaishe da Inna.

Ƙanwarka,
Halimatu Sa'adiya


Ƙanƙara,
8 ga Nuwamba, 2021

Auta,

Salam. Ba abin da zan yafe, ki zo addu'ar arba'in ranar Asabar ashirin ga wata, ki zauna kusa da ni ko ba mu ce komai ba.

Ba ta gane ba. Ranar Litinin da safe ta janye abin numfashi daga bakinta ta ce, "Saƙon Sa'adiya ya iso?" Na nuna mata ledar ruwan da ake ƙara mata, na ce ya iso, ga shi nan shina shiga. Ta daɗe tana kallon ɗigon. Sannan ta ce, "Na san ba za ta bar ni ba."

Ba ta sake magana ba bayan wannan.

Yayanki,
Gide